Muntaka Mai Tonon Asali

In ka shiga taksin Muntaka a Washington, kafin ya tambaye ka ina za ka, sai ya tambaye ka daga ina ka fito. Ba unguwar da ya ɗauke ka yake nufi ba. Garinku yake so, da sunan ubanka, da na kakanka, da dalilin da ya sa kakan naka ya bar inda aka binne cibiyarsa. Turawa kan yi dariya su ba shi amsa. Namu kuwa haushi suke ji, don a ƙasar nan ba kowa ke son a san wane ne shi ba. Shi ya sa aka laƙaba masa Mai Tonon Asali, kuma ni ce na fara kiransa haka.

Sunana Bariatu, 'yar zangon Kumasi ce ni, kitso nake yi a Silver Spring. Ƙofata na kallon tasu a bene ɗaya tun ranar da matarsa Rakiya ta iso daga Nijar, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Mutumin Arewa ne ta Nijar, daga wani ƙauye da ake kira Tungar Cindo, can wajen Dogon Dutsi. Siriri ne, mai sanyin murya, ba ya faɗa, ba ya sauri. Ya zo Amurka a farkon shekarun dubu biyu, ya yi wankin mota, ya yi gadi, sannan ya samu taksi. Rakiya 'yar kawunsa ce, auren zumunci, kuma duk wanda ya gan su ya san ba tilas a ciki. In ta yi magana yakan saki baki yana kallonta har shayinsa ya huce. Abu guda ne ke shiga tsakaninsu: in ya fara labarin kakanni, sai ta tashi ta kunna injin wanki.

Labarin kuwa ni ma na haddace shi ba da son raina ba. Wai wasu 'yan'uwa biyu ne, Cindo da ƙanensa Anaruwa, fataken goro, tun kafin Turawa su ja iyakoki. A wata tafiya, gaba da Salaga ta ƙasar Gana, a bakin kogi, ƙudan tsando ya kashe musu jakuna kaf. Anaruwa ya ce shi ba ya komawa gida hannu rabbana. Ya sare daji a wurin, ya kafa bukka, fatake suka riƙa sauka wajensa, har wurin ya zama Zangon Anaruwa. Cindo ya koma arewa a ƙafa, ya tarar yunwa ta watsa garinsu, shi ma ya shiga daji ya haƙa rijiya, mutane suka taru a kansa, aka samu Tunga. Wa da ƙane, kowa da garinsa, tafiyar watanni a tsakaninsu. Da suka ga zumunta a ƙafa take, ƙafar kuma ba za ta iya ba, sai suka ƙulla alkawari: duk ɗan farin da aka haifa a gida ɗaya, in an yaye shi, a kai shi ɗaya gidan ya tashi a can. Muntaka kan ce al'adar ta mutu tun zamanin kakansa, daga baya ma aka daina jin ɗuriyar juna gaba ɗaya. Burinsa a duniya shi ne ya gano inda jikokin Anaruwa suka shiga.

Nakan ce masa, "Muntaka, garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Lahiya lau, Bariatu. In wuƙar gidanmu ce, ina so in gan ta."

Wata Juma'a a masallacin Lanham ya ji wani ƙato yana waya da Hausarmu ta Gana, ya ambaci Zangon Anaruwa. Muntaka ya bar takalmansa ya bi shi har bakin mota. Sunan mutumin Imoro, yana aikin dakon kujeru da gadaje a Gaithersburg, kuma ya ce shi ɗan Azumi ne, jikanyar Anaruwa. Ranar Muntaka ya shigo bene yana rawar jiki kamar an yi masa haihuwa. Tun daga nan Imoro ya zama ɗan gida. Mutum ne mai faɗa da dariya a lokaci guda, yana tsokanar Rakiya da Hausarta, tana tsokanarsa da tasa, in ya zo ba a rufe tukunya sai ya ga gindinta.

Haka ake har Rakiya ta samu ciki bayan dogon jira, aka kawo mahaifiyarta, Hajiya Salamatu, don wankan jego. Tsohuwa ce doguwa, mai kame kai, ba ta dariya sai da dalili. Muntaka ya ƙagu ya nuna mata abin da ya tono. Ya gayyato Imoro, shi kuma ya zo da turmin atamfa da cinyar rago, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ina wurin. Ta amsa da fara'a, ta ce ɗan wa? Ya ce ɗan Azumi ne na Zangon Anaruwa.

Hajiya ta kawar da kai ta kalli bango. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta miƙe, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Daga ranar, in Imoro ya shigo ta wannan ƙofa, ita ta fita ta waccan. In ya gaishe ta, sai ta amsa wa bango. Sunansa kuwa bai taɓa hawa bakinta ba, sai dai "baƙon nan" ko "wancan". Duk muka yanke hukunci cewa girman kai ne, irin na mutanen arewa da ke ganin mu 'yan zango mun ɓata harshe mun ɓata asali. Ni har ga Allah na ji zafin abin kamar ni aka yi wa, na rage gaishe ta. Imoro ya daure na wani lokaci, sannan ya ɗauke ƙafa. Muntaka ya rame don baƙin ciki, amma surukarsa ce, ko ido bai taɓa haɗawa da ita ba, balle ya tambaye ta dalili. Hajiya kuwa ta zauna, don jikan ya shiga ranta, Rakiya ma ta yi mata takardun zama.

A dubu biyu da goma sha ɗaya ciwon ya zo. Gajiya ce da farko, sai zazzaɓi, sai tabo-tabo a hannu. Likitoci suka ce sankarar jini ce. Aka fara magani mai ƙarfi, ya ɗan lafa, ya dawo. Ranar da na zo yi mata kitso gashinta ya biyo hannuna, sai da na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska, na fito na ɗaura mata ɗankwali. Daga ƙarshe suka ce abin da ya rage shi ne dashen ɓargo, wato a ɗebo daga jikin wani mai irin jininta a sa mata. Suka ce inda aka fi sa rai shi ne ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya. Suka kuma ce kada a ɓata lokaci, don in ciwon ya sake tasowa ba lalle jikinta ya iya ɗauka ba.

Aka ɓoye wa Hajiya. Tana da hawan jini, kuma mu ba ma gaya wa tsoho mummunan labari gatsau. Aka ce mata ƙarancin jini ne. Na ce da Muntaka barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ya ce in rufa masa asiri, Rakiya ce ta roƙa. Ƙannenta biyu da ke Yamai, Usmanu da Abdul'aziz, aka yi musu gwaji a asirce. Aka jira. Babu wanda ya dace.

Akwai wata nas mai kirki a asibitin, Olive, 'yar Saliyo. Ran nan mun kai Hajiya dubiya, Olive ta ja ni gefe ta ce in tambayi tsohuwar ko 'ya'ya nawa ta haifa, ko da an manta da wani. Na tambaya kamar da wasa, ban faɗi dalili ba.

Hajiya ta harare ni. "Ana ƙirga ɗiya? Ga Rakiya nan kwance. Ga Usmanu, ga Abdul'aziz."

Na juya na ce da Olive uku ne.

Daga nan tonon asalin Muntaka ya daina zama abin dariya. Likita ya gaya masa dangi na nesa da wuya su dace, amma mutumin da matarsa ke kwance ba ya jin "da wuya". Ya ajiye taksi rabin yini yana buga waya. Ya bi jikokin Cindo ɗaya bayan ɗaya, na Yamai, na Kwatano, na New York, wata ma a Beljiyam. Ya shirya taro a masallaci, aka zo da 'yan sandunan auduga ana goga wa mutane a cikin kumatu. Wasu suka zo. Da yawa suka noƙe, don wanda takardunsa ba su cika ba ba ya ba kowane ofis sunansa, balle yawunsa. Imoro na cikin waɗanda ba su zo ba. Ya aiko da addu'a da kwalin lemo, ya kuma aiko da labarin cewa shi ya gaji, ya haɗa kayansa, zai koma Kumasi wajen matarsa da 'ya'yansa da ya fi shekara goma bai gani ba. Kowa ya san ma'anar wannan. Mai irin takardunsa in ya fita, ya fita ke nan.

Rakiya kuwa tana ta narkewa. Muryarta ta koma kamar ta yaro. In na je sai ta ce in ba ta labarin shago, wa ya yi faɗa da wa, tana murmushi ido a rufe. Ɗanta ya daina tambayar yaushe za ta dawo.

Da ɓangaren Cindo ya ƙare, Muntaka ya juya kudu. Ya bi ta hannun wani mai shago a Yeji, ta hannun wani limami, har ya samu lambar jikan wata tsohuwa, Mma Lariba, wadda aka ce ita ce mafi tsufa a Zangon Anaruwa. Ranar Asabar da hantsi, ana gobe jirgin Imoro zai tashi, ya tsaya a ƙofar shagona ya ce in taimaka in shigo mota, don Hausar tsohuwar ta cakuɗe da Gwanja da Twi, ba duka yake kamawa ba. Na bar kan wata mata rabi a tsefe na fito.

Ya kankare katin waya, ya buga, ya buɗe murya. Tsohuwar ta yi ta gaisuwa, shi kuma yana kallon agogo. Sannan ya ce ta lissafa masa zuriyar Anaruwa, musamman waɗanda suka fita waje. Ta fara tun daga bukkar farko, wane ya haifi wane, wane kada ya ci, wance ta auri Bagwanje. Muryarta na zuwa tana ɗaukewa. Har ta iso kan Azumi.

"Azumi, Allah ya jiƙanta," ta ce. "Ita ba ta bar kowa ba. Ko ɓari ba ta taɓa yi ba."

Muntaka ya dube ni, ko shi ne bai ji daidai ba. Na matsa kusa da wayar. "Mma, Imoro fa? Imoro ɗan Azumi, wanda ke Amurka?"

"Ei, Imoro. Ai shi na arewa ne. Shi ne na ƙarshe da aka kawo mana, a motar goro, bai daɗe da barin nono ba. Azumi aka ba. To da aka zo korar baƙi daga Gana, aka ce duk wanda ba a ƙasar aka haife shi ba, ya fita, sai Azumi ta tsaya a kan ita ta haife shi, mu ma muka tsaya mata. Daga nan hanya ta rufe, bakinmu ma ya rufe. Shi kansa bai sani ba."

"Inna," in ji Muntaka, "ɗan wa ne a Tunga?"

Muna jin kukan akuya daga can.

"Na yi wa Azumi alkawari, ɗana. Amma in uwarsa na da rai, ba ta da wuyar ganewa. Ɗan fari ne. Ku nemi wadda ba ta iya faɗin sunansa."

Katin ya ƙare.

Kunyar ɗan fari! Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta sa shi a lissafi. Kakata ta yi wa babban kawuna, na gani da idona ina yarinya. Amma a Kumasi abin ya daɗe da sassautawa, kuma wa zai tuna da shi a hawa na huɗu a Silver Spring? Shekara da shekaru matar nan tana yi wa ɗanta kunya a gabanmu, mu kuma muna kiranta mai girman kai. Sai a lokacin na tuna ranar da ta tare ni a matakala, tana kallon ƙasa, ta ce, "Wancan, shina da iyali?" Na ba ta amsa a daƙile na wuce.

Muntaka ya ajiye wayar ya juyo gare ni. "Bariatu, surukata ce. Da wane baki zan tambaye ta wannan? Kuma sai an gaya mata gaskiyar ciwon."

Na ce, "Tuƙa mu gida. Ni ba surukata ba ce."

Na tarar da ita a kicin tana yanka kuɓewa. Ban zauna ba. Na ce, "Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon Rakiya ba ƙarancin jini ba ne. Ciwo ne mai kisa."

Ba ta ɗago ba. "Na sani. Ni ke share ɗakinta, ni ke tsintar gashinta. Kun ga ban kai a gaya mini ba, na yi shiru."

Na ji kamar ta mare ni, amma ba lokacin jin kunya ba ne. Na gaya mata maganin, na gaya mata abin da likitoci ke nema: ɗan'uwa ciki ɗaya, uba ɗaya. Na ce an gwada Usmanu da Abdul'aziz, ba su dace ba. Na ce shi ya sa nas ta tambaye ta ran nan.

Wuƙar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon kuɓewar.

"Don mi ba ku hwaɗi mini dalili ba?"

"Ga shi na faɗa. Hajiya, akwai saura?"

"An ba Azumi," ta ce a hankali. "Abin da aka bayar ba a waiwayarsa. Ranar da aka ɗauke shi uwata ta ce in na yi kuka na kunyata gidanmu. Ban yi ba."

"Azumi ta rasu. Rakiya tana da rai, yau dai. Uba ɗaya ne?"

Ta gyaɗa kai. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda zan fara da shi, sai kawai hawaye suka zubo mini.

Muntaka ya kira Imoro daga baranda, ya gaya masa komai. Ina jin ihun mutumin daga inda nake tsaye.

"Haba massa, ka ishe ni da tone-tonenka! Uwata Azumi ce, ni na sa ta a kabari da hannuna. Yanzu don kuna neman jinina sai ku ƙago mini sabuwar uwa? Matar da ko gaisuwata ba ta amsawa kraa, ko sau ɗaya? Jirgina gobe ne. In ita ta haife ni, ta zo ta kira ni da bakinta in ji." Ya kashe waya.

Na maimaita wa Hajiya kalma da kalma, ban rage komai ba. Ta wanke hannu, ta ɗauki mayafi.

Ban taɓa ganin hanyar Gaithersburg ta yi tsawo irin na ranar ba. Motoci sun cushe, ana gyaran titi. Hajiya na baya tana jan carbi. Muntaka ya karkatar da madubin mota don kada idonsa ya faɗa cikin nata. Ana cikin haka Olive ta bugo ta ce zazzaɓin Rakiya ya sake hawa, in mun samu dama mu zo. Ya ce to, ya ajiye wayar, bai gaya wa kowa ba, amma duk mun ji.

Muka tarar da Imoro a filin ajiye motoci na gidansu, shi da abokansa biyu, suna ɗaure akwatuna da igiya. Da ya ga wadda ta fito daga mota sai ya sunkuya ya ci gaba da ɗauri. Hajiya ta taka har kusa da shi, ta tsaya a karkace, fuskarta na kallon wata bishiya.

"Sannu da aiki," ta ce.

"Da wa ake?"

"Da kai."

"Ni wa? Ina da suna."

Ta buɗe baki ta rufe. "Ɗan Azumi," ta ce.

"Yoo. Ɗan Azumi ne. Ku gaida gida." Ya ɗaga akwati ya nufi motar abokinsa.

Na so in shaƙe su duka biyun. Shekara kusan hamsin bakin matar nan bai furta sunan ba, ko a kan wani mai irinsa, na kuma ga da idona cewa ba taurin kai ba ne, harshen ne ya ƙi. Shi kuma ba abin da yake ji sai ciwon shekarun da ta yi tana juya masa baya. Rakiya na can tana ƙuna da zazzaɓi, su suna nan tsaye.

Sai Muntaka ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya cire hula, ya zo gaban surukarsa ya durƙusa a kan kwalta, ya fara magana da ƙarfi, da muryar nan da yake ishe mu da ita a falo.

"Cindo da Anaruwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Anaruwa ya sare daji a bakin kogi. Cindo ya haƙa rijiya a Tunga. Cindo ya haifi Mayaƙi, aka kai shi kudu. Ya haifi Gagare, ya zauna gida. Gagare ya haifi Tunau, aka kai shi kudu. Ya haifi Mamman Mai Rijiya."

Imoro ya tsaya da akwati a kafaɗa. Abokansa suka daina ɗauri.

"Mamman Mai Rijiya ya haifi Abdu. Abdu ya auri Salamatu. Abdu da Salamatu suka haifi..."

Bai ɗago ba, bai ƙarasa ba. Mutumin da ba a taɓa iya tsayar da shi in ya fara ba, ya tsaya da kansa, ya bar wurin a buɗe. Ina jin ƙarar motoci a babban titi. Carbin Hajiya ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba.

Ta juyo. Ta sauke mayafin daga fuskarta, ta dubi Imoro ido cikin ido.

"Umaru," ta ce. Muryar ba ta fito sosai ba, ta sake faɗa da ƙarfi. "Umaru aka raɗa maka. Da damina, a ɗakin uwata. Su can suka maida shi Imoro. Ƙanwarka na mutuwa. Ajiye kayan nan."

Ya ajiye. Ƙaton nan ya zauna a kan akwatin ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Ita ba ta taɓa shi ba. Ta maida mayafinta, ta koma mota ta zauna.

Jirgin ya tashi ba shi. Matarsa ta yi fushin da sai da aka sa manya a Kumasi suka ba ta baki, kuma ban ga laifinta ba. Aka ɗebi jininsa, aka ce a jira, tare da gargaɗin cewa ko ɗan'uwa na ciki ɗaya ba kullum yake dacewa ba. Kwanakin jiran nan ba na son tuna su. Muntaka ya daina cin abinci, ya daina tambayar fasinja komai. Ranar da Olive ta bugo, a shagona yake zaune, ya kasa ɗauka, ya miƙo mini wayar. Ɓargon Imoro ya dace.

Rakiya ta sha wuya bayan dashen, sau biyu muna cire rai. Amma bayan shekara guda na yi mata kitso, ƙanana, don gashin bai yi tsawo ba, muna yi muna faɗa a kan wai na ja mata da yawa. Muntaka ya koma halinsa, har ya fi da. Sai dai yanzu in tsohuwa ta gama lissafa masa 'ya'yanta, yakan sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ban da wanda ba a hwaɗi?"

Hajiya kuwa ba ta sake furta sunan ba. Washegarin ranar da ta kira shi ma ta koma amsa wa bango. In ta yi tuwo sai ta zuba a kwano na musamman, ta tsince naman kirki ta ɗora, ta miƙo mini ta ce, "Kai wa wancan." Abin ya riƙa ba ni haushi, har wata rana, kafin ya koma Kumasi, na kai masa kwanon na ce, "Imoro, ba ka jin zafi? Bayan duk abin da ka yi, har yanzu kai ne wancan."

Ya buɗe kwanon, ya daɗe yana kallon naman.

"Bar ta, Bariatu," ya ce. "Tana kiran Muntaka, tana kiranki, tana kiran kowa. Duk duniya ni kaɗai ne ba ta iya kira."